Awo, Cefane Da Cikon Da Ba A Faɗa: Darasi Daga Wani Gida A Sheshe

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san wannan al'ada. Da safe, bayan an karya kumallo, maigida zai kafa hula, ya zura hannu a aljihu, ya ƙirgo kuɗi ya ajiye a gefen faranti ko a gaban madubi, ya ce, "Ga na cefane nan." Uwargida ta ce, "Allah Ya ƙara buɗi, a dawo lafiya." Daga nan an rufe maganar kuɗi sai kuma gobe. Shekara 14 na yi ina wannan a gidanmu na gado da ke Sheshe, kuma a duk tsawon lokacin ina lissafa kaina cikin mazan da suka riƙe gidansu da kyau. Ban taɓa fita ban bayar ba. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne ko abin da nake bayarwar yana isa.

Amsar ta riske ni a shekarar 2022. Mai karatu zai tuna cewa malaman jami'o'in gwamnati sun tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas cur, kuma kusan dukkansu albashi bai shigo ba. Ba batun wanda ke da gaskiya a wannan taƙaddama ya kawo ni wannan shafi ba. Labarin abin da ya faru a tsakar gidana nake son bayarwa. A cikin watannin nan azumi ya kama a Afrilu, aka yi ƙaramar salla a farkon Mayu, babbar salla kuma a Yuli. 'Yan kuɗin da na tara a banki ba su wuce ƙaramar salla ba. Daga nan abin da nake ajiyewa a gefen faranti ya riƙa raguwa, har aka kai ranakun da nake ficewa da sassafe, tun yara ba su tashi ba, don kada a ce mini "a dawo lafiya" alhali ban ajiye komai ba. Duk da haka ba a taɓa wuni ba a ɗora tukunya ba. Na riƙa cewa rufin asirin Allah ne, kuma shi ɗin ne, sai dai ban tsaya na duba ta hannun wa yake zuwa ba.

Wata rana bayan babbar salla, ina neman katin rigakafin autarmu a durowar uwargida, sai na ci karo da littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa duk ya sha manja. An raba kowane shafi gida uku: abin da aka bayar, abin da aka kashe, sai gida na uku da aka rubuta wa "ciko". Shafin farko yana ɗauke da watan Janairun 2019, wato shekara uku kafin yajin aiki, lokacin da albashina yake shigowa a kan kari. Tun a lokacin ana ciko: yau naira 100, gobe 250, jibi babu, gata 300. Kuɗin ɗan garuwa ranar da famfo ya ɗauke, na gawayi ranar da gas ya ƙare, ƙarin kwanon shinkafa ranar da na aiko cewa ina tafe da baƙi. Lambobin suna girma shekara bayan shekara, har zuwa watan Yunin 2022, inda na ga layi ɗaya tilo a ƙasan shafi: "'Yan kunne da sarƙa, an sayar." Gwal ɗin da mahaifinta ya saya mata ne lokacin aurenmu. Na zauna a bakin gado na haɗa jimilla, sai na ga ta haura albashina na wata biyu.

Da dare, bayan yara sun kwanta, na ajiye littafin a gabanta. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, ba don in biyo ka bashi na rubuta ba. Ina ɗinki, ina sayar da yaji da daddawa, amma kullum jari raguwa yake yi. Shi ya sa na ce bari in ga ta inda yake zurarewa." Na ce, "To me ya hana ki gaya mini kuɗin ba sa isa?" Ta ce, "Na gaya maka sau biyu. Na farko ka ce in yi maleji, na biyu ka ce ai kowa haka yake fama. Sai na ga in na sake faɗa zai zama kamar raini." Na rasa abin cewa. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu cewa ba a yanke hukunci sai an tattara bayanai, ga shi shekara da shekaru ina gudanar da gidana da tsohon ƙiyasin da kasuwa ta daɗe da barinsa a baya.

Daga awo zuwa takarda

Washegari na shiga sashen mahaifiyata na ba ta labari, ina tsammanin za ta yi mamaki. Ko kaɗan ba ta yi ba. Ta ce, "Babana," domin sunan mahaifinta gare ni, "wace macen ce ba ta ciko? Amma namu bai kai nasu ba. Mahaifinku hatsi yake ba mu, ba kuɗin hatsi ba. In gero ya yi tsada, shi ne ba ya barci. Ku kuwa kun miƙa musu takarda, kun bar su suna kokawa da kasuwa."

Wannan magana ta Hajiya ita ce ginshiƙin abin da nake son faɗa. A tsarin gidajen birni na dā, ciyarwa kashi biyu ce: awo da cefane. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mai rumfa ne a Kasuwar Kurmi, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga ƙofar gidanmu. Da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo farashi ya sauka, yakan sayi gero da dawa da wake na shekara, a jibge a wani ɗaki da ke zaure na biyu, mabuɗin yana aljihunsa. Itace ma kafin damina ake sauke shi. Duk matar da ta karɓi girki, za a auna mata kwanonin da za su ishi gidan, wannan shi ne awo. Sannan a ba ta kuɗin nama da mai da kayan miya, wannan shi ne cefane. Saboda haka kaso mafi nauyi na ciyarwa ba ya bi ta hannun mace a matsayin kuɗi. In farashin dawa ya tashi da bazara, kwanon da ake auna mata yana nan yadda yake.

Mu 'yan albashi ne muka haɗe biyun muka mai da su kuɗi. Mukan yanke adadi guda mu daɗe a kansa, wani lokaci shekara biyu babu ƙari, kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Duk ranar da tumatir ko man gyaɗa ya ƙara kuɗi, giɓin da ke tsakanin abin da aka bayar da abin da tukunya ke buƙata yana faɗawa kan wadda ke tsaye a madafa. Ko dai ta rage abinci a ce ta yi rowa, ko ta rage kayan haɗi a ce ba ta iya girki ba, ko ta cike daga nata a yi shiru. Galibi na ukun ake zaɓa. Ta haka maigida yake ɗora wa matarsa nauyin hauhawar farashi ba tare da ya sani ba, ya kuma ci gaba da jin cewa shi kaɗai ke ɗauke da gidan.

Bankunan cikin ɗaki

Daga ina mace ke samun abin cikon? Daga tattalin arzikin da ya daɗe yana gudana a bayan katangu. Kano gari ne da sana'ar cikin gida ta gina. Kurmi ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso birnin a 1851, cikin abubuwan da suka burge shi akwai yadda sana'ar tufafi take ciyar da iyalai suna zaune a gidajensu, har ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda ci da sutura na shekara cikin wadata. Kaɗin zaren da masaƙa da marina suka dogara da shi kuwa aikin mata ne. Bayan fiye da shekara 100, Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida, wanda mai wucewa a hanya ba ya gani. Enid Schildkrout daga Amurka ta yi makamancin wannan bincike a unguwannin cikin birnin Kano a shekarun 1970, inda ta nuna yadda yara masu talla da aike suke zama ƙafafun iyayensu mata, da yadda ribar ke tafiya wajen tara kayan ɗakin 'ya'ya mata.

Mu da muka tashi a ciki mun gani da idonmu. Mun ga asusun ƙasa da ake girkewa a ƙuryar ɗaki, ba a fasa shi sai salla ta matso. Mun ga jeren kwalla da tasoshi a bango, ado ne a ido amma ajiya ce, ranar da ta ɓaci a zare saiti guda a ba dillaliya. Mun ga tunkiya ɗaure a bayan ɗaki tana cin dusa da ragowar tuwo, ana jiran ta haihu ko layya ta zo. Mun ga biki, inda abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna yake dawo mata da ƙari ranar nata sha'anin. Sama da duka akwai adashi: mata 10 ko 20 su riƙa zubi duk mako ko duk wata a hannun uwar adashi, kowacce tana jiran ranar kwasarta.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Iyayenmu mata ba su karanci ilimin tattalin arziki ba, amma sun san cewa kwano da dabba da gwal suna bin kasuwa in ta tashi, takardar kuɗi kuwa tana nan yadda aka ajiye ta. Sannan kowace ajiya tana da sunan abin da aka yi ta dominsa: wannan ta auren wance ce, wannan ta salla ce. Cikon da matanmu ke yi a yau daga waɗannan rumbuna yake fita. Duk naira 500 da ta shiga miyar yau, an zare ta ne daga jarin sana'a, ko daga zubin adashi, ko daga kayan ɗakin yarinyar da za a aurar nan da shekara biyar. Gidan yana cinye tanadinsa a hankali, kuma mutum ɗaya ne kawai a cikinsa ya san haka.

Shekarun da suka tona asiri

Abin da ya biyo bayan yajin aikinmu ya fi shi tsanani, domin ya shafi kowa. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓarsu. A makonnin nan an fasa asusu a gidaje da yawa ba don lokacinsa ya yi ba. Matan da ba su da lambar ajiya a banki suka miƙa abin da suka ɓoye shekaru ga miji ko ƙani ko ɗa don ya kai musu. Wasu ajiyarsu ta dawo cif, wasu har yau ana ce musu "za a ba ki". Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Zuwa Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ta kayan abinci kuma ta kusa kashi 40.

Ga fassarar wannan lamba a tsakar gida. Naira 100,000 da aka jefa a asusu a Disambar 2023, in aka fasa a Disambar 2024, abin da za ta saya bai wuce abin da naira 74,000 ta saya a ranar da aka jefa ta ba. Ɓarawo bai shigo ba, gara ba ta ci ba, amma kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya tafi. Haka ma adashi mai dogon zango: wadda ta yi kwasar farko ta sayi buhu, wadda ta yi ta ƙarshe bayan wata 12 ta karɓi adadi iri ɗaya, amma buhun ya fi ƙarfinta. Ganin kuɗi na narkewa a hannu shi ke tura wasu wajen masu alƙawarin ninka dukiya cikin wata guda, duk da abin da ya sami waɗanda suka zuba nasu a MMM a ƙarshen 2016, da kuma CBEX a 2025. A irin wannan yanayi, gidan da miji bai san abin da tukunya ke ci ba, matar kuma ba ta san abin da ke shigowa ba, tamkar makafi biyu ne ke jan juna a bakin rijiya.

Abin da ake faɗa a majalisa

Da na kawo maganar a majalisarmu ta bayan Isha'i, wani abokina ya ce, "Dakta, so kake ka ɓata mana mata. Ranar da mace ta san albashinka, ranar ka shiga uku." Wani kuma, wanda maganarsa ta fi nauyi, ya ce kuɗin namiji a ƙasar nan ba na matarsa da 'ya'yansa kaɗai ba ne. Akwai iyaye, akwai ƙanne a makaranta, akwai 'yar'uwar da mijinta ya rasu. In uwargida ta ga lissafin, za ta fara ƙirga abin da ke tafiya wajen dangi.

Na fahimci tsoronsu, domin ni ma da shi na rayu. Amma abin da na gani ya saɓa masa. Ranar da na nuna wa uwargida takardar albashina, da abin da ake cirewa na haraji da fansho da bashin ƙungiyar ma'aikata, sai ta yi shiru, can ta ce ita a zatonta ya ninka haka. Ashe duk shekarun nan tana ciko, tana kuma zargin cewa ina da shi na hana. Ɓoyon bai kare ni daga buƙatu ba, zargi kawai ya jawo mini. Game da dangi kuwa, na rubuta haƙƙin Hajiya da kuɗin karatun ƙannena a saman shafi, a matsayin abin da ba a taɓawa, ita ma aka rubuta ɗan abin da ake kai wa iyayenta. Abin da aka yi a sarari bai cika haifar da ƙorafi ba. Mai mace fiye da ɗaya ma ya fi kowa buƙatar rubutu, domin adalcin da aka wajabta masa ba ya yiwuwa sai da ma'auni.

Addininmu bai bar wannan batu a duhu ba. Ciyarwa da tufatarwa da matsuguni suna kan miji gwargwadon halinsa, ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta mallaka nata ne. Don haka ban nemi ta buɗe mini jakarta ba. Ribar ɗinkinta da kwasar adashinta ba su shiga kasafin gida ba. Abin da na roƙa kawai shi ne duk abin da ya fita daga nata ya shiga tukunya, in san da shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Muna kiyaye wannan da abokan ciniki a Kwari da Singa, amma muna ganin abin kunya ne tsakanin miji da mata, alhali a nan ne rashin rubutun ya fi haifar da ƙullaci.

Yadda muke yi yanzu

Tun daga ƙarshen 2022, duk daren da albashi ya shigo mukan zauna da littafi, kuma a hankali muka tsaya a kan abubuwa biyar.

Na farko, mun dawo da awo. Da kaka nakan haɗa kuɗi da 'yan'uwana biyu mu je Dawanau mu sayi masara da gero da wake mu raba, mu zuba waken a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shigarsa, saboda ƙwari. Sukari da taliya da sabulu da man girki kuma a Singa muke sayensu sau ɗaya a wata. Kuɗin da ke shiga hannun uwargida kullum ya koma na kayan miya da nama, kuma duk wata uku muna duba shi bisa abin da littafi ya nuna. Sai dai a kula, na ci ake saye ba na ɓoyo ba. Waɗanda suka ci bashi suka tara hatsi a kakar 2024 don su sayar da tsada sun ji jiki da farashi ya karye a 2025.

Na biyu, mun rubuta kalandar shekara. Yawancin abin da muke cewa "ya taso" ba tasowa ya yi ba, an san da zuwansa. Kuɗin makaranta sau uku ne a shekara. Azumi da salloli suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Gidajen ƙasa irin namu na cikin birni suna buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Mai haya ya san watan da mai gida zai turo. Mukan haɗa jimillar waɗannan mu raba ta 12, mu cire kason wata tun ranar da kuɗi ya shigo, kafin a taɓa komai. Ragon layya ma tun yana ƙarami muke sayensa, yara su yi kiwo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ajiyar ko-ta-kwana, domin rashin lafiya da makamantanta. Wannan a banki take, a lambar ajiyar da ba mu karɓi katin cire kuɗi a kanta ba, don kada hannu ya saba. Mai gudun kuɗin ruwa ba shi da uzuri a yau: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma Kano na cikin rassansa uku na farko, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Hukumar NDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya ta ɗaga abin da take lamuncewa a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024. Uwargida ma ta buɗe tata lambar da sunanta, darasin 2023 ke nan. Ajiyar dogon lokaci kuwa ba ma barinta a takarda; mukan mai da ita dabba ko kayan sana'a. Mai hali yana iya duba sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, mai niyyar Hajji kuma ga adashin gata da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2020. Adashin mata ma sun gajarta zangonsa, kuma duk wadda ta kwasa takan mai da shi kaya a makon.

Na huɗu, zumunci yana da kasonsa. A Sheshe kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, da wuya mako ya wuce babu biki ko suna ko dubiya ko ta'aziyya. Mun ware masa adadi a wata. In ya ƙare, mu je da ƙafa da addu'a, tunda dama zumunta a ƙafa take. Anko kuwa mun taƙaita shi ga na jini na kusa. An yi gunaguni a farko, daga baya wasu suka kwaikwaya.

Na biyar, ciko bai daina faruwa ba, amma ya daina ɓuya. A ƙarshen wata uwargida takan nuna layi ta ce, "Wannan rance ne, wannan kuma na bar wa yara." Rancen nakan biya kafin in sayi man mota. Babbar 'yarmu ce yanzu ke riƙe da biro, samarin kuma nake tafiya da su Dawanau, domin ina son su tashi sun san kuɗin kwanon gero kafin su fara cewa wata ta yi maleji.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, tsarin yakan karye. Sau biyu ajiyar ko-ta-kwana ta ƙare ƙaf, sau ɗaya a jinyar ɗan'uwa, sau ɗaya da katangar gida ta zube da damina. Akwai watannin da muka tashi daga zaman lissafi kowa ransa a ɓace. Kuma littafi ba ya maganin talauci. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kano ta amince da 71,000, amma a ƙarshen wannan shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi. Magidancin da ke kan wannan mataki, ko mai tura kura da sai ya fita ake ɗora tukunya, ba wa'azin tanadi ya fi buƙata ba. Haƙƙinsa yana wuyan masu tsara tattalin arzikin ƙasa. Duk da haka, ko a irin wannan gida akwai wadda ke ciko, kuma sanin hakan da gode mata ba ya buƙatar ko kwabo.

A farkon 2024 aka biya mu wani ɓangare na albashin da aka riƙe. Na ɗauki kuɗin na nufi wurin masu sayar da gwal, da niyyar in mayar wa uwargida abin da ta sayar. Na tarar farashin ya ninka fiye da sau biyu. Abin da ke hannuna 'yan kunne kawai ya iya saye. Da na kawo mata, ta juya su a tafin hannu, ta ce, "Malam, da ka bar su ka ƙara a kuɗin makaranta." Na ce a'a, wannan bashi ne. Ta ɗauko tsohon littafin, ta buɗe shafin Yunin 2022, ta ja layi a kan "'yan kunne", ta bar "sarƙa". Har yau layin yana nan a buɗe, kuma duk wata nakan gan shi.

Shawarata ga 'yan'uwana magidanta ita ce, a daren yau, bayan yara sun kwanta, kowa ya tambayi mai ɗakinsa nawa take cikawa a kan kuɗin cefane, ya kuma yi haƙuri ya saurari amsar har ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya saka wa matanmu da iyayenmu mata da alheri.